Ranar da Na Karɓe Butar Yaya Garba

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa a wajen mai shayi, ku sababbin da aka turo mana bana. Wai aikin Usman tamarji ai ba aiki ba ne: ka miƙa wa mutum bokiti, ya yi fitsari, ka danna waya, waya ta ce lafiya ko ciwo. Madalla da wannan ilimi. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Ku gyara zama in gaya muku yadda bokitin nan ya samu, tunda gobe ku za ku ɗauke shi, kuma ku za a zaga.

Tamarji shi ne ma'aikacin jinya a bakin mutanen nan, in akwai wanda bai sani ba. Na shiga aikin ina saurayi a hannun Ammu Attahir, wani dogon dattijo mai faɗa da ke kula da ɗakin masu ciwon mafitsara a nan Gadarif. Abin da ya fara ba ni ba allura ba ce. Tasa ya ba ni in wanke, na yi ta wankewa har hannuna ya saba da wari. Da ya ga ban gudu ba, sai ya fara tsayar da ni a bayan labule idan majiyyaci zai yi fitsari a tasar, ya ce in rufe ido in saurara. Ya kan tambaye ni, "Me ka ji?" In ce na ji fitsari. Sai ya ce, "Jaki ma ya ji wannan. Ya fara nan take ko ya yi jira? Ya zubo a miƙe ko yana yankewa? Da ya gama, ya gama ɗin, ko yana ta ɗiga?" A wajensa na koyi sa gastara, robar nan da ake zura wa wanda fitsari ya tsaya masa, ba tare da na yaga mutum ba. A wajensa kuma na koyi cewa namiji zai gaya maka bashin da ke kansa da rigimar gidansa, amma ba zai gaya maka yadda yake fitsari ba.

Masu zuwa wajenmu yawancinsu mutanen gona ne, masu aikin dawa da riɗi a manyan gonakin nan na kudu. Ruwan da suke sha na tafki ne, rana kuma ta dafa su, ga ƙishirwa. Samari su zo da tsargiya, jini a fitsari, wani har hanyar ta ƙuntace masa. Magidanta su zo da tsakuwa a ƙoda ko mafitsara. Dattawa kuwa burustata, kumburin nan da ke matse hanyar fitsari sannu a hankali, har mafitsara ta kasa juyewa duka, ruwa ya koma baya ya danne ƙoda. Wannan na ƙarshen shi ne mugu, don ba ya ihu. Mutum yana yawo da ƙafarsa ƙodarsa tana lalacewa. Muna da na'ura guda ɗaya mai mazurari da ke auna ƙarfin fitsari, amma tana cikin gari, masu ciwon kuma suna can bayan laka. Kun san ƙasar Gadarif da damina, ko tarakta sai ta yi tunani.

Wata rana likitanmu ya shigo da Sumayya, ɗiyar unguwarmu, wadda na san ta tun tana goye, yanzu ta zama injiniyar kwamfuta. Ta ce, "Kawu Usman, akwai hanyar da waya za ta saurari fitsari ta gane ƙarfinsa." Na ce ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce ba wanda ke rubuta wa na'urar cewa ga sautin ciwo ga na lafiya. Ana ba ta sautuka masu yawa ne, kowanne tare da sakamakon awon gaskiya da aka yi wa mai shi, ita kuma ta yi ta kwatantawa har ta kama bambancin da kanta. Na ce, ashe mai sayen kankana ne, ya ƙwanƙwasa ya fasa, ya ƙwanƙwasa ya fasa, har kunnensa ya daina buƙatar wuƙa. Ta ce haka ne. Na ce to in haka ne ai ɗalibi aka kawo mini, kuma ɗalibi ba ya wuce abin da aka karanta masa.

Gwajin farko abin dariya ne, in ba don ciwo ba abin wasa ba ne. Muka ɗauki sautin dattawan unguwa da suka yarda, sai ga na'ura ta ce kusan dukkansu suna da matsala. Har da wani limami wanda na san ƙalau yake, don na'urar mazurari ta auna shi a makon. Sumayya ta duba ta sake dubawa, sannan ta zo ta tambaye ni yadda mazanmu ke yi, don ita ba abin da za ta gani ba ne. Nan muka gano bakin zaren. Na'urar ta yi karatunta ne a kan mutanen da ke fitsari a tsaye cikin masai mai ruwa, ƙara har waje. Mu kuwa tun muna yara ake koya mana akasin haka. Ka tsuguna, ka nemi ƙasa mai taushi, ka karkata, ka sassauta, kada ɗigo ɗaya ya fantsamo maka a wando ya ɓata maka salla, kada kuma na waje ya ji. Dattijo ya shekara sittin yana koyon yin fitsari shiru, sai ga waya tana cewa shirun nan ciwo ne. Iya tsoron Allahn mutum, iya jan da waya za ta nuna masa, wato alamar ciwo.

Wasu suka ce a yar da abin, ba na ƙasarmu ba ne. Wasu suka ce a'a, a koya wa mutane tsayuwa. Na ce duka biyun ban yarda ba. Ba zan je in ce wa sa'an ubana ya miƙe tsaye don waya ta ji daɗi ba, kuma ba zan bar mutanen gona su ci gaba da zuwa mana sai ƙoda ta mutu ba. Ɗalibin ne zai sake karatu. Na je wajen maƙeri aka yi mini bokitin ƙarfe mai zurfi, mai ƙaramin baki, da kariya a gaba yadda ba abin da zai fantsamo. Na ja layi da fenti a ciki, iya nan ruwa ke tsayawa kafin a fara, ba ƙari ba ragi, don in ruwan ya canza sauti ma ya canza. Aka yi mini ɗan dakali na katako da mutum zai tsuguna a kai, don tazarar ta zama ɗaya ga dogo da gajere. Duk wanda ya yarda, mu auna shi da mazurari yau, gobe mu ɗauki sautinsa a bokiti, Sumayya ta haɗa biyun ta ba ɗalibinta. Sautin farko da na'urar nan ta koya a tsugune nawa ne, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Tsugune ba ta ƙare ba. Na miƙa wa wani Alhaji wayata ya shiga da ita bayan gida, ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Akwai Alƙur'ani a ciki?" Na ce akwai. Ya ce, "To astagfirullah, ya zol, bawan Allah, ni zan kai shi wurin najasa?" Gaskiyarsa ce, ni ne ban yi tunani ba. Shi ya sa wayar aikin nan da kuke gani ba komai a cikinta, ba karatu, ba kiran salla, ba hoton kowa, kuma a gaban mutum nake nuna masa haka kafin in sa ta a leda. Sai kuma hayaniya. Janareta, kukan jaki, ruwan sama a kan kwano, zabi, duk sun taɓa ɓata mana aiki. Mai tari a ƙarshe don ya tsane, shi ma sai da aka koya wa na'urar cewa tari ba fitsari ba ne. Kafin ka danna komai, kai ne za ka fara sauraron wurin.

Ana haka suna ya fita. A kasuwa yara su bi ni suna cewa ga mai sauraron fitsari. Wani abokina ya ce mini a gaban jama'a, "Usman, duk sana'o'in duniya ka rasa sai laɓe a bayan makewayi?" Na ce masa ni ba na laɓe, ban taɓa ɗaukar sautin mutum bai sani ba, kuma ranar da nasa ya tsaya ya san ƙofata. Ku riƙe wannan, don ita ce dokar farko: ba izini, ba ɗauka. Ta biyu, sakamakon mutum nasa ne shi da likita. Ta uku, wayar nan ba likita ba ce. Ba ta san sunan cuta ba, iyakarta ta ce ƙarfin fitsarin wannan bai yi ba, a kai shi a duba. Ba zan ɓoye muku ba, a wani wajen ta fi ni kunne. Ta taɓa nuna ja a kan wani saurayi daga Shuwak wanda ni na ji na ce lafiya lau, aka duba aka tarar tsargiya ta fara ƙuntata masa hanya. Na sara mata ranar.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shekarar da yaƙi ya koro mutanen Khartum da Madani zuwa Gadarif, makarantu suka zama gidajen kwana, asibiti ya cika har baranda. Na'urar mazurari ta lalace, ba mai gyara ba kayan gyara. Gastara ta yi wuya har muna lallaɓa wadda ke jikin mutum ta wuce lokacinta. Wajen wankin ƙoda kuwa kada ma ku tambaya, mutane kwance a ƙofa suna jiran wani ya tashi ko ya rasu. Sadarwa ta yi ta yankewa, sai da Sumayya ta matse ɗalibin nata ya zauna cikin wayar kanta, ya yi aiki ba tare da intanet ba. Likita ya kira ni ya ce, "Usman, duk wanda ƙodarsa ta mutu bana, ba mu da inda za mu sa shi. Ka je gona ka tsamo mini su tun da sauran dama." Aka ba ni mota da direba, na ɗauki bokiti da dakali na nufi gonakin Simsim.

Lokacin yankan riɗi ne, kuma riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke ba, kwanson zai buɗe ya zubar da shi a ƙasa, wahalar shekara ta tafi. Don haka mai gona ba ya son jin kalmar ciwo a wannan lokaci, ma'aikaci ma ba ya so. Wakilin gonar ya tare ni da fara'a, ya ce in na gama in nuna masa waɗanda ba su da lafiya don ya san yadda zai tsara aiki. Na ce masa ko sunan mutum ɗaya ba zai ji a bakina ba. Ya ɓata rai, na ce ma'alesh, ya yi haƙuri, haka aikin yake. Amma ma'aikatan sun ga muna magana, kuma ba su ji abin da na ce ba.

Na kafa bokiti a bayan wata bukka nesa da janareta. Dattawan kambo, wato sansanin ma'aikatan, suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da butarsa ta tsarki. Na farko waya ta nuna kore, alamar lafiya. Na biyu kore. Na uku kore, har ya fi na saurayi ƙarfi. Na ce ikon Allah, yau na faɗo garin da ba a tsufa. Na sa abin ji a kunne na saurari abin da aka ɗauka. Fitsarin mutum yana farawa a hankali, ya yi ƙarfi, ya sauka, ya ɗiga. Wannan kuwa ya fara da ƙarfi ɗaya, ya tafi da ƙarfi ɗaya, ya yanke tsaf, kuma a tsakiya akwai ɗan gulgul na iska tana shiga. Bakin buta ne. Ba su yi komai a bokitin ba, ruwan tsarki suke tsiyayawa. Na'urar ba ta yi laifi ba, ba wanda ya taɓa karanta mata buta. Su ma ban ga laifinsu ba sosai, mutum ya bar iyali ya zo neman abincin shekara, ga wani da waya zai sa a sallame shi.

Na san dabarar ba ta kowa ba ce sai shugabansu, Yaya Garba. Unguwarmu ɗaya, ya girme ni sosai, shi ya koya mini hawan jaki. Shekara da shekaru shi ke tara masu lauje ya kai su gona, shi ke tsaya musu a gaban wakili, maganarsa ɗaya ce a kambo. Tun da na iso na lura da shi. Takalminsa ya matse ƙafa don kumburi. Yana zaune yana gyara zama kamar mai ɓoye ƙwarya a ƙarƙashin riga. Da na matso gaisuwa, na ji warin da na sani tun zamanin tasa, na wanda fitsari ke zubo masa kaɗan kaɗan don mafitsara ta cika ta batse. Bai zo wajen bokiti da kansa ba sai da na aika, kuma ya zo riƙe da buta.

Na ce, "Yaya, ka bar butar a nan. In ka gama zan miƙo maka."

Ya tsaya yana dubana. Ya ce, "Usmanu, ni? Ni za ka karɓe wa buta?"

Na ce, "Kai ɗin, Yaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya ce, "Aibu ne wannan, wallahi. Na ɗauke ka a kafaɗa kana majina."

Na ce, "Na sani. In ba ka so a ɗauka, ka ce ba ka so, halas, shi ke nan, ba mai tilasta ka. Amma ba zan karɓi fitsarin buta in rubuta sunanka a kai ba."

Na miƙa hannu na riƙe wuyan butar. Bai saki ba, ni ma ban saki ba. Ku da ba ku san nauyin wannan ba, karɓe wa dattijo buta daidai yake da ce masa maƙaryaci a fuska, kuma akwai mutanensa a inuwa suna kallo. Daga baya ya saki, ya zaga bayan bukkar. Girman kai ne ya kai shi, yana so ya nuna mini zai iya. Da ya gama na miƙa masa butar ta gefen zana, ya yi tsarkinsa, sannan na saurara. Shiru mai tsawo, sai numfashin mai yunƙuri. Ɗigo. Shiru. Wani siririn zare da bai kai ko'ina ba ya yanke. Wayar ta nuna ja, amma ko ba ta nuna ba ni hankalina ya riga ya tashi. Na roƙe shi ya kwanta a cikin bukka na taɓa mararsa, na ji mafitsara ta taso har kusan cibiya, tauri kamar tulu.

Na gaya masa gaskiya ba kwana. Na ce ƙodarsa ce cikin haɗari, in ya jira a gama yanka zai iya zuwa gari a kwance, kuma wajen wankin ƙoda ba gado. Ina da gastara ɗaya a jaka, amma mafitsarar da ta daɗe a cike irin wannan, in an buɗe ta ana so a sa ido a kan mutum, a auna jininsa, ba a bar shi a gona da lauje ba. Ya ce, "Bayan yanka, in sha Allah." Na ce ba bayan yanka. Ya ce, "In na tafi yau, wakili zai naɗa wani, kuma wanda ya hau ba ya sauka. Waɗannan mutanen ni na kawo su, ni zan mayar da su. Ka tafi da bokitinka, kuma in ka faɗa wa wani, ban yafe ba."

Na ce ba zan faɗa wa kowa ba, kuma ban faɗa ba. Na dai ɗauko dakalin katakon nan na ajiye a ƙofar bukkarsa, na zauna, bokiti a gefena. Direba ya zo ya ce hadari na haɗuwa, in ruwa ya sauka za mu kwana a laka. Na ce mu kwana. Wakili ya zo ya tambayi abin da nake jira, na ce ina shan iska. Ma'aikata suka dawo cin abincin rana suka gan ni, suka koma gona, suka dawo la'asar suka tarar ban motsa ba. Ba wanda ya tambaye ni komai a cikinsu, ba wanda kuma bai gane ba. Na san abin da nake yi. Bakina ya riƙe amanarsa, zamana ya tona shi, kuma da gangan na yi. Kuna iya cewa wannan ya taka dokar da na karanta muku ɗazu. Ku faɗa. Na auna sirrinsa da ƙodarsa, na zaɓi ƙodar, kuma gobe ma in an maimaita haka zan yi.

Wajen faɗuwar rana wasu dattawa biyu daga cikin masu buta suka zo suka tsuguna kusa da ni, ɗaya ya ce a hankali, "Tamarji, a sake mana namu." Yaya Garba yana ciki yana ji. Can sai ya fito da ƙullin kayansa, ya kira wani magidanci ya danƙa masa laujensa, ya ce ya riƙe mutane. Bai dube ni ba. Ya wuce ya hau bayan mota, ya ƙi zama a gaba inda na ba shi wuri.

Abin da aka zuƙe daga mafitsararsa a asibiti ba zan faɗa muku yawansa ba, za ku ce ƙari na yi. Likita ya ce ƙodar ta taɓu amma ba ta mutu ba. Ya yi watanni da roba a jiki, daga baya aka yi masa aiki. Sumayya kuwa na kawo mata sautin butoci iri iri, na roba da na ƙarfe, ta karanta wa ɗalibinta, yanzu in kun tsiyaya ruwa zai ce muku a sake. Abin da Yaya Garba ya ji tsoro kuwa ya faru. Wanda ya karɓi laujen shi ke kai mutane Simsim har yau, kuma a unguwa sai da aka yi ta raɗa cewa Garba fitsari ya kayar da shi.

Tun daga ranar bai ƙara yi mini magana ba. Na je gidansa da salla, aka ce ba ya nan, alhali ga takalminsa a ƙofa. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ce ba ya yi ba. Amma na wanke gawar waɗanda na bari da sirrinsu, na san yadda shirunsu yake. Jiya da hantsi na hango shi a bakin kasuwar hatsi da jikarsa a hannu, na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum, Yaya!" Ya ɗauke kai, ya ja yarinyar, ya tsallaka titi da sauri har yana kauce wa raksha, keken nan mai ƙafa uku. Na tsaya ina kallon yadda yake taka ƙasa da ƙarfi, na ce alhamdu lillahi.